Lambar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Orval Buckner ne ya riƙe mini tsani ranar da na ga lambar, yana riƙewa yana mita.

"Kai mai hoto, sauko haka nan," in ji shi. "Tumbin nan naka zai lanƙwasa mini fiffike."

"Baba, fiffiken da ya ɗauki bindiga uku da harsasansu, ni ne zan gagare shi?"

"Bindigogin ba sa cin donot shida kafin ƙarfe tara."

Sunana Wendell Prokop. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaukar hoton jiragen yaƙin da aka ajiye a gidajen tarihi, daga Ontario har Arizona. A wannan karon aikin na gida ne. Ɗan gidan tarihin jirage na garinmu, Ellsberry, da ke tsakiyar gonakin masarar Nebraska, zai cika shekara hamsin, aka ba ni aikin hotunan littafin bikin. Jirage tara gare su, amma ɗaya ake zuwa gani: wani jirgin yaƙi samfurin P-40 da aka zana wa baki cike da haƙora a hanci. Marigayi Crandall, wanda ya kafa gidan, shi ya kwaso shi daga wata fadama a New Guinea a shekarar 1974. Orval ne makanikin da ya raka shi. Yanzu shekarunsa tamanin da takwas, kuma tun da jirgin ya iso ba wanda ke sa masa sifana sai shi.

Mu masu wannan sana'a muna da wata cuta, cutar lamba. Hoton jirgi daga waje kowa ma ya iya. Abin da muke farauta shi ne ɗan allon ƙarfen da masana'anta ta manna a mazaunin matuƙi, mai ɗauke da lambar jirgin, don shi ne sunansa na yanka. Wasu ma'aikatan kuma sukan buga lambar a haƙarƙarin jirgin ta ciki. Fenti kan rufe ta, amma in ka kwantar da tocila a jikin ƙarfen yadda haske zai bi ta gefe, sai lambar ta taso kamar tsohon tabo.

Haka na yi, don sabo kawai. Allon ya ce lambar ta ƙare da 207. Haƙarƙarin da ke bayan kujera ya ce 614. Na matsa gaba na sake haskawa, 614. Ƙarƙashin fedar ƙafa, 614. Na ɗauki hotuna uku na sauko, ban ce wa Orval komai ba. Da yamma na sa su a dandalinmu na intanet, inda tsofaffi irina ke faɗa kan lambobi, na rubuta cewa ga abin mamaki, wa ya san tarihin 614?

Washegari da safe Dwight Hanlon, manajan gidan, ya kira ni ofishinsa na sama, wanda tagarsa ta gilashi ke kallon cikin rumfar jiragen. Mutum ne mai tsoron lauyoyi fiye da tsoron mutuwa. Ya ce wani ya turo masa saƙo cewa 614 na cikin jerin jiragen da suka ɓata da matuƙansu, ya ce shi bai san komai ba kuma ba ya son ya sani kafin biki, in goge hotunan yanzu yana kallo. Na goge. Amma an riga an kwafe su.

Kwana uku bayan haka wayata ta yi ƙara. Muryar tsohuwa ce, a hankali take magana, tana tsayawa ta ja numfashi. Ta ce sunanta Lorna Vasek, daga Iowa take. Ta tambaya ko ni ne na ɗauki hoton, na ce ni ne. Ta ce mahaifinta, Laftanar Emmett Rusk, ya tashi da jirgi mai lamba 614 a watan Nuwamba na 1943 bai dawo ba, ita kuma aka haife ta bayan wata biyu. Shekara arba'in tana bin lambar nan a takardun sojoji. Ta ce tana tafe ranar Litinin.

Na ce ranar Litinin gidan a rufe yake. Ta ce shi ya sa ta zaɓe ta.

Ita ta tuƙo kanta, awa biyar, a wata tsohuwar mota ruwan toka. 'Yar ƙaramar mace ce mai sanda, leɓenta ya yi shuɗi-shuɗi. Na ba ta kofi a bakin ƙofa, ta riƙe don ɗumin hannu kawai. A nan ta gaya mini abin da ya kawo ta. Mahaifiyarta ba ta sake aure ba, ta rasu a 1998, kuma a maƙabartar garinsu akwai fili ɗaya babu kowa a gefenta, an sassaƙa sunan Emmett a dutse ba ranar rasuwa. Ita ba ta da ɗa ba ta da jika, mijinta ya rasu. So take ta tsaya da ƙafarta ta ga an sa mahaifinta a filin nan.

"Likita ya ce zuciyata ta gaji," ta ce. "Na ce masa ba ita kaɗai ba. Ka shigar da ni, Malam Wendell."

Ina da makulli saboda aikin littafin. Motar Hanlon ba ta wajen ajiye motoci, sai tsohuwar a-kori-kurar Orval. Muka same shi durƙushe ƙarƙashin injin yana sauya tiren da ke tare ɗigar mai. Ya ɗago ya dube ta, ya dube ni, ya ce tun yaushe na fara kawo budurwa wurin aiki.

Ba ta yi dariya ba. Ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan mahaifinta. Na ga hannun Orval ya tsaya cak a kan tiren, mai ya ci gaba da ɗiga a bayan hannunsa bai janye ba.

Ta ce ba rigima ta zo yi ba, jirgin su riƙe abinsu. Ta buɗe taswira a kan teburin kayan aiki, ta roƙe shi ya ɗora yatsa a inda suka samo shi, don ta kai wa sojojin da ke neman gawarwakin waɗanda suka ɓata. Orval ya goge hannu ya daɗe yana gogewa. Ya ce shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce, fadama kuma duk iri ɗaya ce. Ya ce ko ya tuna ma ba amfani, don mazaunin babu kowa suka same shi, watakila matuƙin ya yi tsalle da lema tun jirgin yana sama.

"Murfin gilashin mazaunin a buɗe yake ko a rufe?" ta tambaya.

"A buɗe."

Da na yi shiru da maganar ta mutu a nan. Amma sati biyu na yi ina wanke tsofaffin hotunan tafiyar 1974 saboda littafin, na san kowanne kamar tafin hannuna.

"Baba," na ce, "a hoton farko da kuka ɗauka a fadamar, murfin a rufe yake. Har kurangar daji ta nannaɗe shi."

Ya juyo ya yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Lorna ta ce mutum ba ya tsalle daga jirgi sannan ya dawo ya rufe murfi. Ba ta ɗaga murya ba.

Orval ya jawo wani akwati ya zauna. Ya fara magana yana kallon tayar jirgin, ba ya kallon kowa a cikinmu. Ya ce kwana goma sha ɗaya suka yi suna sare daji kafin su kai. Da ya fasa tsatsar ya ja murfin baya, mutumin yana nan a kujerarsa, ɗamarar kafaɗa a ɗaure, abin da ya rage daga gare shi ya zube cikin kwanon kujerar. Crandall ya leƙa ya ce in hukuma ta ji akwai gawa, jirgin ya zama kabari, ba za a bar su su ɗauki ko ƙusa ɗaya ba. Ya umarce shi ya kwashe ya zuba a ruwa. Da suka dawo gida Crandall ya cire allon lambar, ya manna na wani jirgin da aka narkar tun bayan yaƙi.

Lorna ta dafa teburin. "Ka zuba shi a ruwa?"

"Na kai bakin ruwan," in ji Orval. "Na tsaya. Baiwar Allah, ni ma sojan ƙasa ne a zamanina. Ba a yi wa mutum haka."

"To ina ka binne shi?"

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sukudireba da reza daga teburin, ya zagaya gefen hagu na jirgin. Bayan mazaunin matuƙi akwai wata 'yar ƙofa ta ɗakin kaya, inda matuƙa ke sa jakarsu. Na sha ɗaukar hotonta. Fenti ya bi ta kanta har sau uku ko huɗu, kowa ya ɗauka a like take. Orval ya bi gefenta da reza, fentin yana zubowa kamar ɓawon ƙwai. Ya kwance sukurori shida ɗaya bayan ɗaya, yana sa kowanne a aljihun rigarsa. Ya zura hannu biyu ya fito da akwatin harsasai na ƙarfe, kore, an naɗe shi da tsohon bargon soja.

Ya ce a cikin jirgin ya ɓoye shi har suka ƙetare teku. Niyyarsa in sun iso ya kai wa hukuma. Da suka iso sai aka yi biki, gwamna ya zo, jaridu suka zo, Crandall ya ɗauke shi aiki na dindindin lokacin matarsa tana da ciki. Ya ce bari a kwana biyu. Da Crandall ya mutu sai ya ga in ya yi magana yanzu shi kaɗai za a kama. Yara 'yan makaranta suna zuwa suna jingina da wurin a ɗauke su hoto, shi yana tsaye yana kallo.

Ya ajiye akwatin a kan teburin, a kan taswirar. Lorna ta jingine sandarta ta buɗe da kanta.

Ba yawa. Ƙasusuwa ne launin shayi, an jera su da kyau a cikin farin ƙyalle, dogaye a gefe ɗaya, ƙanana a wata jakar zane. Akwai tafin takalmi guda, da bakin ɗamara, da agogon da ba fuska. Ta ɗaga sarƙar wuya mai ɗan ƙarfen sunan soja, ta kai kusa da idonta, ta karanta a hankali har da lambobin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora yatsu biyu a kan wani ƙashi mai faɗi ta bar su a nan.

"Sannu, Baba," ta ce. "Ni ce Lorna. Ba ka san ni ba."

Can ta ɗago, muryarta ta koma ta mai shirya aiki. Ta ce ta halarci tarukan iyalan waɗanda suka ɓata fiye da sau ashirin, ta san yadda ake yi. In sojoji suka karɓa, ɗakin bincikensu za su kai, a bi layi, a yi gwajin jini da ƙashi, shekara ɗaya ko biyu. Ita ba ta da shekara ɗaya. Mai kula da maƙabartarsu abokin marigayi mijinta ne, in ta roƙe shi zai haƙa ranar Asabar da safe ba tare da tambaya ba. Ta ce a sa mata akwatin a kujerar gaba ta tafi, a mayar da ƙofar a shafa fenti, ba wanda zai ji daga bakinta.

Orval ya ce shi zai ɗauka ya kai mata mota, kuma in ta yarda zai bi ta a baya har Iowa. Ta ce ta yarda.

Ni ina tsaye taku huɗu daga gare su, kyamara a wuyana. Hasken safe ya sauko ta tagar rufi ya faɗa kan hannunta da sarƙar, ga hancin jirgin da haƙoransa a bayanta. Ban yanke shawara ba. Shekara ashirin da biyu hannuna yana yin abu ɗaya in ya ga haske irin wannan. Na ɗaga na danna. Manyan fitilun aikina guda biyu, da na kafa tun ranar Juma'a na manta ban kashe ba, suka amsa wa kyamarar. Rumfar gaba ɗaya ta yi fari kamar walƙiya.

Labulen ofishin sama ya motsa.

Ashe Hanlon yana ciki tun da sassafe, matarsa ce ta sauke shi don motarsa tana gareji. Ya sauko matakala da sauri yana tambayar wa ya ba mu izinin shiga. Ya iso teburin ya ga abin da ke kai, ya ja baya har ya buge tsani.

Lorna ta yi masa bayani tun daga farko, a tsanake. Ta ce ba ta neman komai daga gidan, za ta sa hannu a kowace takarda ya kawo. Orval ya ce masa ya koma sama ya rufe labule, minti biyar kawai, bai ga komai ba. Ni ma na sa baki, na ce zan goge hoton, zan fasa kyamarar ma in yana so. Hanlon yana ta girgiza kai, wayarsa a hannu. Ya ce ƙasusuwan mutum ne, doka ce, in ya bari aka fita da su shi ma ya shiga ciki, yana da 'ya'ya biyu a jami'a.

"Ɗana," in ji Lorna, "shekarata tamanin da ɗaya. Yau na fara taɓa mahaifina. Ka bar ni in kai shi gida."

"Ki yi haƙuri, Mama," ya ce. Ya juya mata baya ya buga lambar 'yan sanda.

Orval ya rungume akwatin ya nufi ƙofa. Tsoho ne, akwatin ƙarfe ne, rumfar kuma tana da tsawo. Ya huta sau biyu a hanya, Lorna tana biye da sandarta, na zo zan karɓa ya hana ni. Ya ce in ajiye hannuna a aljihu, ya riga ya ga abin da hannun nan yake iyawa. Sun kai bakin ƙofa ke nan motar ɗan sandan gunduma ta shigo harabar, don ofishinsu bai fi minti huɗu daga wurin ba.

Ɗan sandan ya san Orval tun yana yaro. Ya cire hularsa kafin ya miƙa hannu ya karɓi akwatin. Ya bar Lorna ta riƙe sarƙar kamar minti goma, sannan ya ce sarƙar ma dole ta shiga cikin jakar shaida.

Bayan kwana biyu sojoji suka zo da farar mota, suka lulluɓe akwatin da tuta, suka sara masa. Sun yi komai cikin ladabi. Suka ɗauki yawun Lorna a auduga don gwaji, suka ba ta lambar waya da sunan wani jami'i. Ba a gurfanar da Orval ba, lauyan gunduma ya ce ba zai kai tsoho mai tamanin da takwas kotu ba. An karɓe makullinsa dai. Aka ɗage bikin, aka soke littafin, aka zagaye jirgin da igiya.

Lorna takan kira ni farkon kowane wata, ta gaya mini abin da jami'in ya ce: ana kan aiki, akwai waɗanda suka riga shi a layi, ƙashin da ya daɗe a fadama yana da wuyar gwaji. Ba ta taɓa zagina ba. A wata na huɗu ta ce in aiko mata da hoton. Na wanke shi babba na aika. Da ya isa ta kira.

"Ya yi kyau, Malam Wendell," ta ce. "Ka iya aikinka."

A wata na tara ba ta kira ba. Mai kula da maƙabartar ne ya kira, ya ce an same ta a kujerarta ta falo, an binne ta gefen mijinta, can wajen shinge.

Takardar sojoji ta fito bayan wata biyar da rasuwarta. An tabbatar Laftanar Emmett Rusk ne. Na ɗauko Orval a motata muka tafi Iowa, awa biyar bai ce mini uffan ba, ko da na tsaya shan mai na tambaye shi ko zai ci wani abu.

Ranar akwai iska mai sanyi, gonaki duk an girbe. Sojoji shida suka ɗauko akwatin gawa cikakke, na san abin da ke ciki bai kai nauyin jakar kyamarata ba. Aka harba bindiga, aka busa ƙaho, aka sauke shi gefen matarsa. Bayan sojojin da limamin coci, mu uku ne kawai: ni, Orval, da mai kula da maƙabartar da ke jingine da shebur can nesa.

Suka ninke tutar da suka cire daga kan akwatin. Wani matashin kyaftin ya riƙo ta da hannu biyu ya tako zuwa inda muke tsaye. Ya dube ni, ya dubi Orval, ya yi ƙasa da murya.

"Ranku ya daɗe, wane ne ɗan'uwan mamaci a cikinku?"

Orval ya sunkuyar da kai. Kyaftin ɗin ya ci gaba da tsayuwa da tutar a hannu, yana jira.